Ɗumamen Turawa

'Yan'uwa, ga wani ɗan abin da ya same ni, na ga ya kamata ku ji, domin akwai darasi a ciki ga wanda zai riƙe alli.

Bara da hunturu aka tura ni koyarwar gwaji wata firamare a gindin dutsen Kagoro. Na sauka gidan wata tsohuwa, Mama mu ke ce mata, wadda marigayi mijinta ya daɗe yana kuku gidan Turawan mishan. Ran Asabar na shiga Kafanchan na sayo burodi babba da 'yan kuɗin da suka rage mini. Kun dai san tun da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren a 2022, ga kuma janye tallafin mai a 2023, burodi ya yi tsada, don yawancin alkamar da a ke yin fulawa da ita daga ƙetare ta ke zuwa. Saboda haka na riƙa gutsura kaɗan kaɗan, wai ya kai ni mako. Ran Laraba da safe sai na tarar ragowar ta bushe ƙamas.

Na fito zan watsa wa kaji, sai Mama ta ce, "Ɗana, tsakanin kai da kajin nan wa ya fi jin yunwa?"

Na ce, "Mama, ai ba ya ciwuwa."

Ta karɓa, ta jujjuya, ta shinshina, ta ce, "Wanda ya yi funfuna shi ne ya mutu, sai zubarwa. Wannan barci ya ke yi."

Ta fasa ƙwai biyu, ta dama madarar gari cokali biyu da rabin kofin ruwa, ta sa sukari da ɗan gishiri da garin cittarmu ta Kudancin Kaduna, ta kaɗa. Sa'an nan ta yanka burodin da kauri, ta tsoma, ta bari ya sha. Ta zuba man gyaɗa kaɗan a kasko, ta rage wuta don kada baya ya ƙone ciki bai nuna ba, ta soya kowane gefe har ya yi ja. Ta ce da sabon burodi ne da ya dagargaje; busasshe shi ke shan ƙwai ya tsaya da ƙafarsa. Ta ce wanda mijinta ya ke gasawa ya fi dacewa, don ba yis a ke sa masa ba, ƙullu a ke bari ya yi tsami kamar na waina, shi ya sa ya ke da ƙarfi. Na ci na ƙoshi, na tafi aji da ƙarfina.

Da na dawo kwaleji na bincika, ashe Ingilishi suna kiransa gasasshen burodin Faransa, su kuwa Faransawa ɓataccen burodi su ke ce masa, watau wanda aka fid da rai da shi. Ba wani abu ba ne illa ɗumame. Abin da uwata ke yi da tuwon jiya, shi su ke yi da burodin jiya, sai dai nasu a faranti.

Nan kunya ta kama ni. A makon nan wani yaro a ajina ya zo da ɗumamen tuwon acca a ganye, yara suka yi ta yi masa dariya, ya ɓuya bayan aji ya ci. Ni kuwa na gani na yi shiru, don a zuciyata ni ma na rena abincin. Tun ina ƙarami aka koya mini yadda Yesu ya ciyar da mutum dubu biyar, ya kuma sa aka tattara gutsattsarin har kwando 12, amma sai a bakin murhun Mama na gane karatun.

Kashegari na zauna kusa da yaron lokacin tara, na roƙe shi loma ɗaya, na ci a gaban kowa. Daga ran nan ba wanda ya sāke yi masa dariya.

To, malaman gobe, yawancin yaran da za a ba mu da ɗumame za su karya kumallo. In muka rena abin da ke cikin kwanonsu, iyayensu muka rena. Allah ya kiyashe mu.