Dodon da Ya Sa Na Gano Ciwon Ɗana

Ranar da aka ba da sakamakon zangon ƙarshe, ɗana na fari ya shigo ya ajiye takardar a kan firij, bai ce min komai ba. Shekararsa goma sha ɗaya. Sunan mahaifina ya ci, shi ya sa nake ce masa Babana. Na ɗauko na duba: ya faɗi lissafi, ya faɗi Turanci, kuma zai maimaita aji. Dawowata ke nan daga aikin kwana, idanuna kamar an zuba musu barkono. Ban tambaye shi komai ba. Na ce ai dama wanda ba shi da aiki sai kallon dodanni a waya, abin da zai girba ke nan. A gabansa na goge duk finafinan da ke wayata. Bai yi kuka ba. "To Umma," kawai ya ce, ya shige ɗaki.

Kwana huɗu yana gaishe ni, yana zuwa aike, yana cin abinci, amma hira ta ɗauke ɗif. 'Yan uwana iyaye mata, kun san irin wannan shirun. Babu laifin da za ki kama, amma kin san an rufe miki ƙofa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. A dare na biyar, wajen ƙarfe uku, na gama raba magani, abokiyar aikina ta karɓe ni don in ɗan huta. Barci ya ƙi zuwa. Sai na ce bari in binciki wannan dodo da ya raba ni da ɗana, wanda ake kira Godzilla. A zatona wani sabon shirme ne na Amurka. Ashe ya girmi mahaifiyata.

A Japan aka fara fim ɗin, a shekarar 1954, kamfanin Toho ne ya shirya, Ishiro Honda ya ba da umarni. Shekara tara ke nan bayan an jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki. A watan Maris na 1954 ɗin kuma, Amurka ta gwada wani bam a tsibiran Bikini da ke tekun Fasifik, tokarsa ta zubo a kan wani jirgin masunta na Japan mai mutum 23. Duk suka kwanta ciwo, ɗaya ya rasu a watan Satumba. A Nuwamba fim ɗin ya fito, da labarin wata halitta da gwajin bam ya tayar daga ƙarƙashin teku, ta zo ta ragargaza birnin Tokyo. Wato mutanen da suka fara kallonsa sun san ƙauri da tokar da ake nuna musu.

Washegari a gida na nemo shi na kalla ni kaɗai. Baƙi da fari ne, dodon kuma mutum ne, Haruo Nakajima, sanye da rigar roba mai nauyin kusan kilo 100, yana tattaka ƙananan gidajen da aka ƙera. Na fara da dariya. Da aka zo wurin asibiti dariyar ta tsaya. An jera masu rauni a ƙasa saboda gadaje sun ƙare. Likita ya kara wa wani yaro na'urar auna gubar nukiliya. Wata ƙaramar yarinya tana ihu ana ɗauke gawar mahaifiyarta. Na taɓa yin aiki a irin wannan yanayin, wata damina da amai da gudawa ya ɓarke, muna rataye ledar ƙarin ruwa a jikin taga. Na tsayar da fim ɗin na daɗe a zaune.

Ranar Asabar na ce, "Babana, zo ka taya ni kallo, akwai abin da ban gane ba." Ya tsaya yana dubana kamar yana zargin tarko ne. Na jona wayar da talabijin. Ba a yi minti goma ba bakinsa ya buɗe. Ya lissafo min abokan faɗan Godzilla, da Mothra mai fukafukai, da Ghidorah mai kai uku, da yadda aka haɗa shi da Kong a 2021 aka sake a 2024. Ina sauraro ina tambayar kaina: yaron da ya riƙe wannan duka, ta yaya lissafin firamare zai gagare shi?

Fim ɗin da yaren Japan ake magana, fassarar Turanci na fitowa a ƙasa. Na ce ya riƙa karanta min. Sai ya sauko daga kujera ya zauna a tabarma. Can ya ƙara matsawa. Can sai ga shi dab da talabijin, yana ƙanƙance ido. Gabana ya faɗi. Na dawo da shi kujera, na ce ya rufe ido ɗaya ya karanta min kalandar da ke bango. Manyan lambobin ma da ƙyar ya gane su.

"Babana, kana ganin allo a aji?"

"Ina gani Umma, amma rubutun yana haɗewa. Littafin na kusa da ni nake kwafa."

Dogo ne, don haka a layin baya aka ajiye shi. Bai taɓa yin ƙorafi ba, domin a zatonsa haka kowa ke gani. Waya kuwa a kusa da fuska ake riƙe ta, ita kaɗai ce wurin da duniya ke fito masa tar. Mai dokar barci ta ɓuge da gyangyaɗi: ni da nake gaya wa matan asibiti su lura da idon 'ya'yansu, nawa ya daɗe yana laluben allo ban sani ba. Ranar Litinin muka je asibitin ido. Aka ce ba ya ganin nesa, aka rubuta masa tabarau. A hanyar dawowa na ba shi haƙuri, abin da ban taɓa yi wa ɗa ba.

Tabarau bai canza hukuncin makaranta ba. Maimaita aji na nan, kuma abin na cinsa a rai ko da bai faɗa ba. Sauran hutun muka mai da daren Juma'a na kallo, ni da shi da ƙannensa biyu. Abbansu ya zaƙulo tsohon kwalin faya-fayansa, a ciki muka ci karo da John Carter, fim ɗin Disney na 2012, labarin sojan Amurka da ya tsinci kansa a duniyar Mas. Gaskiya farkonsa ya rikita ni, sunaye sun yi yawa. Amma da aka shiga jeji wurin korayen halittun nan masu hannu huɗu, babu wanda ya ƙara motsi. Autata har yau tana roƙon a saya mata dabbar nan mai kama da kare da ke bin jarumin.

Da ya ƙare Babana ya ce a sa na biyu. Abbansu ya ce babu na biyu, fim ɗin faɗuwa ya yi a kasuwa. An kashe masa fiye da dala miliyan 250, kuma Disney da kanta ta sanar cewa za ta yi asarar kusan dala miliyan 200. Aka soke cigaban da aka yi niyya.

Yaron ya yi shiru, sannan ya ce, "Ke nan in mutum ya faɗi sau ɗaya shi ke nan?"

Na san ba John Carter yake tambaya ba. Ban so in yi masa daɗin baki, don haka na faɗa masa duka ɓangarorin biyu. Faɗuwa tana da farashi: shugaban sashen finafinan Disney na lokacin, Rich Ross, ya bar kujerarsa makonni kaɗan bayan fitowar fim ɗin. Amma daraktan, Andrew Stanton, wanda dama shi ya yi Finding Nemo da suke so, ya koma bakin aiki, a 2016 ya fito da Finding Dory, wanda ya kawo fiye da dala biliyan ɗaya. Na ce ko gwanin nasa ma ya sha ƙasa. Fim ɗin Godzilla na 1975 bai samu 'yan kallo ba, aka jingine dodon har zuwa 1984. Na 2004 ma bai yi kasuwa ba, Toho ba ta sake yin wani ba sai 2016. Sai ga na 2023, Godzilla Minus One, ya ci kyautar Oscar a 2024, karon farko cikin shekara saba'in da finafinai sama da talatin.

"Shi shekara tara ya jira," na ce masa. "Kai shekara ɗaya ce."

Ya gyara tabarau ya ce, "Umma, ai shi dodo ne." Muka kwashe da dariya, amma na ga kafaɗunsa sun sauko.

Ba ina cewa ku sakar wa yara waya ba ne. A gidana kallo na da rana da lokaci, kuma ba a kunna abin da ban riga na leƙa ba. Yawancin finafinan dodannin nan na Amurka alamar PG-13 gare su, wato akwai abin da bai dace da yaron da bai kai sha uku ba sai da lurar iyaye. Jerin Fast & Furious da aka fara a 2001, wanda ya kai na goma a 2023, har yanzu ban yarda ya kalla ba. Na wanke raunin samari masu tseren babur da yawa, ba zan iya zama ina tafa wa gudun mota ba. Wannan ra'ayina ne, wata uwar za ta iya ganin akasin haka.

Abin da na canza shi ne, yanzu kafin in goge abu sai na zauna na kalla tare da mai shi. Ki gwada ko sau ɗaya. Ki lura da inda yake zama, da yadda yake riƙe wayar, da abin da yake tambaya in fim ya ƙare. In kin ga yana ƙanƙance ido, ko yana yawan kukan ciwon kai, ko yana matsawa jikin talabijin, ki kai shi a auna idon kafin ki ɗauko bulala.

An koma makaranta makon jiya. Na je da kaina na roƙi malaminsu ya dawo da shi layin gaba, ya kuwa amince. Ajin ƙannen abokansa ne, ya san haka, kuma safiyar farko ya daɗe yana ɗaura igiyar takalmi. Da yamma ya dawo ya miƙo min littafin lissafi, ya ce yau shi ya fara gama kwafar allo. Sannan ya tambaya ko Juma'ar nan za mu kalli na 1984. Na ce in Allah Ya kai mu, amma sai an gama aikin gida.