Kafin ki biya kuɗin kwamfutar yara, ki duba abin da ke cikinta da idonki

Na san a cikin ɗakinki akwai wata leda ko tsohon gwangwanin alewa da kika tara faya-fayan CD a ciki: bidiyon bikinki, na sunan ɗanki na fari, na saukar ƙanwarki, wataƙila har da hoton asibiti na maigida ko na Baba. Kin adana su kina cewa wata rana za a kalla. Tambayata ita ce, da me za a kalla? Na'urar bidiyon falo ta daɗe da mutuwa a gidaje da yawa, kwamfutocin da ake ƙerawa yanzu kuma mafi yawansu ba su da gurbin faifai. Tun 2008 kamfanin Apple ya fito da MacBook Air ba tare da shi ba, sauran kamfanoni suka bi sahu a hankali.

Mu nan Wudil sayen kwamfuta ya zama kamar sayen littafin makaranta. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliko Dangote a ƙofar gidanmu, kowane ɗalibi sai ya ce yana buƙatar tasa. Uwa ce ke shiga adashi, ko ta sayar da akuya ranar Juma'a a kasuwa, a haɗa kuɗi a sayo ta hannu, wadda ake kira tokumbo. Amma idan aka zo dubawa, sai a ce Hajiya ki koma gefe, wannan ba fanninki ba ne. Ni dai ina ganin wadda ta fitar da kuɗin ita ta fi cancanta ta san abin da aka sayo.

Wata maƙwabciyata a nan Sabon Gari ta saya wa 'yarta irin wannan kwamfutar a wani shago. Ta ce wa mai shagon tana son mai cin faifai, ya buɗe ya nuna mata alamar faifai a fuskar kwamfutar, ya kuma nuna mata ƙofarsa a gefe. Bayan wata huɗu mahaifinta ya samu shanyewar ɓarin jiki, aka yi masa hoton ƙwaƙwalwa a Kano, aka ba su hotunan a faifai kamar yadda aka saba. Suna da ɗan'uwa likita a nesa da yake son ganin hotunan a daren. Aka danna maɓallin ƙofar faifai, ko motsi. Da yake ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma a wurin aiki kullum muna fama da irin waɗannan faya-fayan, sai aka aiko yaro ya kira ni. Da na duba, sai na tarar ƙofar murfi ce kawai. An cire na'urar tun kafin a sayar, alamar da aka nuna mata kuwa wata manhaja ce ke kwaikwayon na'urar faifai. Sai washegari aka samu inda za a buɗe hotunan. Allah ya taimaka jinkirin bai yi illa ba, amma na ga yadda matar nan ta kwana tana zagaye tsakar gida.

Abin da na duba a daren nan bai ɗauke ni minti biyar ba, kuma ke ma za ki iya. Idan kwamfutar Windows 10 ko 11 ce, kai linzami kan alamar Windows da ke ƙasa, ki danna ɓangaren dama. Jeri zai fito, ki zaɓi "Device Manager". Wannan shi ne rajistar duk kayan da ke jikin kwamfutar. Rubutun da Turanci yake, amma layi biyu kawai kike nema. Na farko "DVD/CD-ROM drives", wato na'urorin karanta faifai. Na biyu "Disk drives", wato rumbun ajiya na ciki da duk filashin da aka soka. Danna 'yar kibiyar da ke gefen kowanne, sunayen za su sauko.

Na'urar faifai ta gaske tana zuwa da sunan masana'antarta. Za ki ga suna ya fara da HL-DT-ST, na haɗin gwiwar Hitachi da LG ke nan, ko TSSTcorp na Toshiba da Samsung, ko MATSHITA na Panasonic. Idan kuwa kika ga kalmar "Virtual" a cikin sunan, to na jabu ne, manhaja ce kawai, babu ƙarfe babu ƙofa. Haka nan tsofaffin modem ɗin da muke sokawa don shiga intanet, da yawansu suna bayyana kamar na'urar CD, saboda a nan suke ɓoye manhajarsu. Idan layin na farko babu shi kwata-kwata, kwamfutar ba ta ganin kowace na'urar faifai. Idan sunan yana nan amma da 'yar alamar rawaya mai kusurwa uku a kansa, na'urar tana ciki, matsala ce ta samu, kuma sau da yawa ana iya gyarawa.

Yanzu ki hau sama ki danna "View", sannan "Show hidden devices". A nan ne abin yake da ban sha'awa. Sababbin sunaye za su bayyana, amma alamarsu a dusashe, launin toka-toka. Waɗannan kayan da aka taɓa haɗawa da kwamfutar ne, yanzu ba sa nan. Windows ba ta goge sunan abu don an cire shi, tana ajiyewa ne ko zai dawo. Kamar allon ɗakin marasa lafiya ne da aka sallami mutum ba a share sunansa ba: suna yana allo, gado babu kowa. A kwamfutar maƙwabciyata, can na ga sunan na'urar faifan ta asali a dusashe, shaidar cewa ta taɓa zama a ciki aka zare ta. Wasu suna zarewa ne su sa rumbun ajiya na biyu a gurbin, su mayar da murfin yadda yake. Wannan ba laifi ba ne idan an gaya wa mai saye.

Share waɗannan ragowar ba shi da wuya. Kai linzami kan sunan da ya dusashe, danna ɓangaren dama, zaɓi "Uninstall device", ki amince. Yin haka ba ya goge hoto ko takardar kowa, sunan kawai yake cirewa daga rajista, kuma idan aka sake soka abin, Windows za ta karɓe shi kamar sabo. Amma ki riƙe ƙa'ida biyu. Ki taɓa dusassun kawai, kuma a cikin layukan nan biyu da na ambata. Sauran layukan akwai dusassun abubuwa da Windows ke amfani da su, ki bar su yadda kika gan su. Sunan da ke da cikakken launi a ƙarƙashin "Disk drives" kuwa, wataƙila shi ne rumbun da komai na kwamfutar yake ciki, kada hannunki ya je wurin. Ita kuma na'urar faifai mai alamar rawaya, a nan ne kawai za ki cire mai cikakken launi: cire ta, ki kashe kwamfutar ki kunna, Windows za ta sake ɗora ta da kanta.

Kada wani ya karɓi kuɗinki da sunan wai share waɗannan zai sa kwamfuta ta riƙa gudu kamar sabuwa. Ba ya ƙara gudu yadda za ki lura. Amfaninsa shi ne rajistar ta zama daidai da abin da ke ciki, kuma wani lokaci yana warware rikicin filashin da kwamfuta ta ƙi ganewa.

Akwai abu ɗaya da nake so ki yi hattara da shi a matsayinki na uwa. Jerin dusassun nan zai nuna miki sunayen filashin da aka taɓa sokawa, wani lokaci goma, wani lokaci fiye. Suna kawai yake nunawa, ba ya nuna abin da ke ciki. A kwamfutar hannu, da yawansu na mai ita na farko ne a wata ƙasa, ko na mai gyara. Kada ki gani ki hau yaro da faɗa. Abin da ya fi shi ne ki share su ranar da aka kawo kwamfutar gida, a gabansa, ki ce masa daga yau duk filashin da ya shiga za a gani. Yara suna karɓar aikin makaranta da fina-finai daga filashin abokai, ta nan kuma cutar kwamfuta kan shigo. Idan ya san Umma ta iya dubawa, zai yi tunani kafin ya soka na kowa.

Ranar saye, ko a Beirut Road ne a Kano, ko Farm Centre, ko nan cikin Wudil, ki tafi da faifai ɗaya daga gida a jakarki. Bayan kin duba rajistar, ki sa a buɗe ƙofar, a saka faifan, ki ga hoton ya fito da idonki. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Ki lura kuma da ɗan ƙaramin rami kamar na allura a jikin ƙofar. Idan ta maƙale, ana tura siririyar waya a ciki ta buɗe. Idan kwamfutar da ta yi miki ba ta da gurbin faifai, ba sai kin fasa ba, akwai na'urar faifai ta waje da ake sokawa kamar filashi, gida uku ma za su iya haɗa kuɗi su sayi guda.

Da zarar kin samu mai karantawa, kada ki jira. Zafi da ƙurar hunturu suna cin faifai, musamman irin wanda masu ɗaukar biki suke kwafa mana. CD yana ɗaukar kusan megabait 700, DVD kuma gigabait 4.7, don haka filashi ɗaya mai gigabait 32 zai kwashe faya-fayai da dama. Ki goge kowanne da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, ki kwafe, ki ajiye wuri biyu. Na asibiti ki fara da su, ki kwafi duk abin da ke cikin faifan gaba ɗaya, don akwai manhajar buɗe hotunan a tare da su, ki rubuta sunan mai shi da kwanan wata a jiki.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa albarka a karatun yaranmu.