Ka Koya Musu Ganin Hannun da Ke Bayan Hoto

Ɗana, saƙonka ya iso ni. Ka ce firinsifal ya damƙa maka ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarku, kana so ka riƙa kawo wa 'yan aji huɗu da biyar guntayen shirye-shiryen talabijin da bidiyon waƙoƙi ku yi nazari, amma wasu malamai sun ce za ka mayar da aji gidan kallo. Tunda ra'ayina ka nema, ka yi. Sai dai akwai yadda ake yi.

Kada ka raina masu ƙorafin. Tsoronsu yana da tushe a ƙasar nan. Saboda irinsa gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, shi ne kuma ya sa a 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Kofa bayan malamai sun yi ca a kai. Abin da za ka faɗa musu cikin ladabi shi ne, yaran nan sun riga sun kalla. Yarinyar da ke kasa haddace baiti biyar za ta zayyana maka shirin Labarina tun daga zangon farko, ba ta tsallake ko fitowa ɗaya ba. A wayar uwarta ta gani, babu wanda ya zauna kusa da ita ya tambaye ta me ta fahimta.

Kuma wasan kwaikwayo ba baƙo ba ne a aji. Na yi shekaru ina karantar da Uwar Gulma da Jatau Na Kyallu da Kulɓa Na Ɓarna, muna fitar da jigo da zubi da halayen 'yan wasa. Da dare kuwa mu taru gaban akwatin talabijin mu sha dariyar Samanja da Ƙarƙuzu da Kasimu Yero, bai taɓa zuwa ran kowa ba cewa wannan ma abin nazari ne. A Ingila darasi ne mai zaman kansa, yara 'yan shekara 16 suna zana jarrabawarsa, ana tambayarsu a kan diramar talabijin da bidiyon waƙa da talla da jarida, har ana ba su maki a kan abin da suka shirya da hannunsu. Mu ba mu da shi a manhaja, don haka ƙungiyarka ce ƙofar.

Kada ka taɓa sa musu shiri sukutum. Minti biyu ko uku ya isa. Ka ɗauki fitowa ɗaya daga Kwana Casa'in, wadda gwamna ke ganawa da yaransa, ka kashe sauti gaba ɗaya. Ka tambaye su: wa ke da iko a ɗakin nan, kuma ta yaya kuka gane alhali ba ku ji maganar kowa ba? Da farko za su yi tsit. Can wani zai ce shi kaɗai ne a zaune. Wata ta ce an fi daɗewa a kan fuskarsa. Daga nan ka sa su ƙirga sau nawa hoto ya canza, su faɗi inda aka ajiye kyamara, a ƙasa tana kallon mutum sama ko a sama tana danne shi. Sannan ka maido da sauti su ji yadda kiɗa ke gaya wa mai kallo lokacin da zai tsorata da lokacin da zai ji tausayi. Ranar da yaro ya gane cewa hawayen da ya zubar jiya darakta da edita ne suka tsara masa su, kallonsa ya canza ke nan. Wannan ya fi masa wa'azin awa guda a kan illar fim, domin wa'azin yana ƙarewa a bakin ƙofar aji, idon kuwa da shi zai koma gida.

Sai tambayar da na fi so: wa ya biya? Tashar Arewa24, wadda ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, ta fara aiki a 2014 da tallafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka, da nufin yaɗa zaman lafiya a lokacin da rikicin Boko Haram ya yi tsanani. Wannan bai sa Daɗin Kowa ya zama mugun shiri ba, ni ma ina cikin masu kallonsa. Amma yaro ya san haka, sai ya fahimci dalilin da ya sa ake yawan nuna Musulmi da Kirista suna maƙwabtaka a cikin shirin. Izzar So kuma a YouTube ya yi suna, inda yawan masu kallo ke kawo kuɗi. To, me ya sa kowane kashi ke tsayawa daidai inda hankali ya fi tashi? Bar su su gano da kansu.

Ka sa su lura da waɗanda ake nunawa da yadda ake nuna su. Kishiya, uwar miji, ɗan ƙauye, boka, mai aikin gida. A shirye-shirye nawa suka taɓa ganin kishiyoyi suna zaman lafiya har ƙarshe? Gidaje nawa ne a unguwarsu ke da irin falon da suke gani? A nan 'yan mata sukan fi maza magana, ka ba su fili.

Bidiyon waƙa ya fi wuyar sha'ani, nan ne za ka taka a hankali. Tun bayan Turmin Danya a 1990, rawa da waƙa irin na finafinan Indiya suka shiga fim ɗin Hausa har suka zama abin da ke sayar da kaset, kuma su ne aka fi yin rigima a kansu. Ka juya dabarar: su rufe ido su saurari waƙar, su faɗi abin da baitocin ke nufi, sannan su buɗe su ga ko hoton abin da yake faɗa ke nan. Sau da yawa baki na maganar haƙuri da amana, hoto kuwa mota yake talla da leshi da agogo. Su ƙirga sau nawa jaruma ta sake kaya a cikin minti huɗu. Za ka yi mamakin yawan waɗanda ba su san cewa mai motsa baki mamin take yi ba, muryar ta wata ce da ta rera a sutudiyo, sau da yawa ko sunanta ba a sani ba.

Wani zai tayar da zancen korar da ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta yi wa Rahama Sadau a 2016 saboda bidiyon waƙar ClassiQ. Kada ka hana, amma ka tsayar da maganar a kan wa ke kafa doka a sana'ar da kuma dalilinsa. Da zarar an koma auren wance da sakin wane, ka katse. Gulmar 'yan fim ita ce hanya mafi sauri da darasinka zai lalace.

Duk abin da za ka nuna, ka kalle shi tukuna daga farko har ƙarshe, ka nuna wa firinsifal. Ka gayyaci malamin addini ya zauna a zaman farko. In ya ga abin da ake yi da idonsa, shi zai kare ka a taron iyaye da malamai. Ka sauke guntayen a gida, kada ka dogara da wuta ko sabis ɗin makaranta.

A zango na biyu ka raba su rukuni-rukuni, kowane ya shirya wasan minti biyu da waya ɗaya: mai rubutu, mai ɗauka, mai ba da umarni. Ka sa su ɗauki fitowa guda sau biyu, a ɗaya mai kallo ya tausaya wa uba, a ɗaya ya tausaya wa ɗa, ba tare da an canza ko kalma ɗaya ba. Abin da suka ɗauka ya tsaya a wayarka, kada fuskar ɗan kowa ta hau intanet sai da izinin iyayensa. In sun gama, ka turo mini na rukunin da ya fi ba ka wahala in gani. Ka gaida mutan gidan.