Haƙarƙarin Karya Ba Ya Ƙarya

Akwai wata sana'a da ta yi ƙarfi a Garwa da Marwa da Ngaundere, wadda kakanninmu ba su san ta ba, wato kiwon karnuka domin sayarwa. A dā mai son kare yakan roƙi kwikwiyo a gidan maƙwabci, a ba shi kyauta. Yanzu kuwa tsoron ɓarayi ya sa masu shaguna da masu manyan gidaje suna neman karnukan Turai, musamman irin na Jamus wanda ake kira berje, suna kuwa biyan kuɗi mai kauri. Ni ban ga laifin sana'ar ba, gama na san gidajen da kuɗin kwikwiyo ya biya makarantar yara. Amma ina so in yi magana a kan uwar da take haifar kuɗin nan, da abin da ya kamata mu yi sa'ad da wani ya ce mana ta rame.

Bari mu fara da lissafi. Karya takan ɗauki ciki wajen kwana 63. Takan nemi namiji sau biyu a shekara. Sa'ad da take shayarwa tana bukatar abinci ninki biyu ko uku na abin da ta saba ci. 'Ya'yanta kuma bai kamata a raba su da ita ba sai sun cika mako 8. Mai kiwon da yake son riba da gaggawa yakan haɗa ta da namiji kowane zagaye, ya ci gaba da zuba mata sauran tuwo da ƙanzo kamar dā, ya kwashe 'ya'yan tun suna mako 4 ya kai wa mai saye. Nonon da suka sha daga jikinta ya fito. Abin da bai shiga ta baki ba, daga tsokarta za a cire shi. Haka karya takan zama fata da ƙashi, mai ita kuwa yana ƙirga kuɗi.

Na ga wannan da idona a unguwarmu. Wani ɗan'uwa a ikilisiyarmu yana da berje mace, a ɗaure da sarƙa a gindin darbejiya kusa da ƙofar gida. Haihuwarta ta huɗu ke nan a jere. A watan Afrilu ne, lokacin da zafin Garwa yakan haura digiri 40, kwanon ruwanta kuwa a bushe. Wata gwauruwa mai tuyar ƙosai a bakin titi ce ta fara magana. Ta ce masa, "Ɗan'uwa, karyar nan taka tana ba ni tausayi. Ana iya ƙirga haƙarƙarinta daga inda nake zaune." Ya ce, "Mama, ki kula da kaskonki. Kare ne fa, ba mutum ba. Ko ke kike ciyar mini da ita?" Ta yi maganar a gaban masu sayen ƙosai, shi kuwa kunya ta sa ya mai da baƙar magana. Makonni suka wuce ba sa gaisawa, har a ƙofar sujada.

Wani dattijon ikilisiya ne ya ce in raka shi gidan da yamma. Bai yi faɗa ba. Bayan gaisuwa ya tambayi lafiyar iyali da karatun yara, sa'an nan ya ce, "Ɗana, zo ka sa hannunka a bayan dabbar nan." Mutumin ya sa hannu, ya yi shiru. Can ya ce, "Baba, kuɗin makarantar yara uku a kanta yake." Dattijon ya ce, "To, idan ta mutu, a kan wa zai koma?" Washegari aka kira likitan dabbobi. Ya sami tsutsar ciki, ya sami kaska cike da kunnuwanta, ya ce jininta ya ragu ƙwarai. Ya ce a hutar da ita shekara guda ba haihuwa. Asara ce ta gaske ga gidan, ba na ɓoyewa. Biyu daga cikin 'ya'yanta ma ba su rayu ba. Amma uwar ta tashi.

Masu kiwo sukan ce, ai irinsa ke nan, ba ya ƙiba. Akwai gaskiya kaɗan a ciki. Karen Buzaye na Azawak, a ƙasashen Nijar da Mali, siriri ne tun asali, karnukan mafarautanmu ma haka. Amma berje dabam ne. A ƙasar Jamus aka tsara irinsa, tun daga 1899, da gashi mai kauri domin sanyi. Wanda ya kawo shi bakin Binuwai ya ɗauki bashin inuwa da ruwa. Gwajin kuwa ba wuya. Kare mai lafiya, in ka shafa shi za ka ji haƙarƙari a ƙarƙashin 'yar tsoka. Idan kuwa ƙashin baya da na ƙugu sun fito fili, gashi yana zuba, dasashi ya yi fari, to, yunwa ce ko cuta, ba iri ba ne.

Wani zai ce, ina ruwan maƙwabci da karen wani? Da ruwansa. Gidan da ba a sayen abincin kare, da wuya a biya kuɗin allurarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, wajen kashi 40 cikin ɗari kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan dukansu ta cizon kare suka kamu. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, sai dai addu'a. Amma tun 1885 Luwi Fasto na Faransa ya nuna ana iya tare shi da allura, cibiyar da take ɗauke da sunansa kuwa tana da reshe a nan Garwa. Masana sun ce idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan gari allura, ciwon yakan daina yaɗuwa. Saboda haka mai sayar da kwikwiyo ba allura, ba kansa kaɗai ya cuta ba. Yaran da suke wasa a lungu, na kowa ne.

Littafi Mai Tsarki bai yi shiru a kan wannan ba. Karin Magana 12:10 ta auna adalcin mutum da yadda yake lura da dabbarsa. Maimaitawar Shari'a 25:4 ta ba takarkari mai aikin sussuka hakkin ci daga hatsin da yake wahala a kai. Karyar da take biyan kuɗin makaranta ma'aikaciya ce, tana da rabo cikin ribar. Matiyu 18:15 kuma ta koya mana hanya, wato a sami ɗan'uwa a keɓe tukuna. Gwauruwar nan gaskiya ta faɗa, dattijon ma ita ya faɗa, amma shi a cikin gida ya faɗe ta, shi ya sa aka ji.

To, ɗan'uwa mai kiwo, idan an ce maka karenka ya rame, kada ka auna wanda ya yi maganar, je ka auna karen. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ka kira likitan dabbobi kafin ka ƙara tuwo, gama tsutsa takan cinye abin da ka zuba. Kare mai tsananin rama kada a cika masa kwano gaba ɗaya, sai kaɗan kaɗan, sau uku ko huɗu a yini, a haɗa da kayan ciki dafaffe daga mahauta ko kifin Lagdo da aka cire wa ƙaya. Ka ba kwikwiyo maganin tsutsa tun yana mako 2, allurar hauka kuma a wata 3. Kada ka haɗa uba da 'ya ko wa da ƙanwa domin gudun kuɗin namiji, gama raunin ƙugu da yake damun berje gado ne. Ka tambayi mai saye inda zai ajiye shi. In kuwa ka ga ba ka iya ciyar da uku, riƙe ɗaya.

Kai kuma maƙwabci, kada tsoron baƙar magana ya rufe maka baki. Ka shiga da sallama, ka tambaya kafin ka hukunta, gama mai yiwuwa tukunyar gidan ma ba ta cika ba. In kana da hali, ka tafi da abu a hannu, ko da kuɗin maganin tsutsa ne. Idan kuwa kare ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira gobe.

Dabba ba ta iya kai ƙara wurin mai unguwa. Allah da ya ba mu iko a kanta zai tambaye mu yadda muka riƙe amanar. Bari ya same mu da aminci cikin ƙaramin abu.