Daga Shika Zuwa Sabon Gari: Abin Da Tarin A-kori-kura Ke Faɗa Miki

In kin taɓa zuwa dubiya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kin san titin nan da ya tashi daga Kwangila, ya ratsa Palladan da Samaru, ya miƙe Giwa da Funtuwa. Ba ya rabo da tireloli da bas-bas da 'yan acaɓa. A tsakaninsu za ki hango wata tsohuwa tana tafe a hankali, bayanta ya zauna saboda lodi. Ita ce a-kori-kura, galibi Peugeot 504 da muke kira Fijo, irin waɗanda aka haɗa a Kakuri cikin Kaduna, inda kamfanin ya fara aiki a 1975. Wasunsu sun girmi direbobinsu.

Kada ki ce ina ruwanki da ita. Ita ke kwaso masarar gidanku daga gona, ita ke kai kayan ɗakin 'yarki ranar jere. A ƙauyukan da ke kewaye da Shika kuwa, idan naƙuda ta tashi da tsakar dare, sau da yawa ita kaɗai ce motar da ke kusa. Shi ya sa nake so mu bi ta yau, daga Shika har Sabon Gari, mu ji abin da take faɗa idan ta fara tari.

Shika wuri ne na fili da iska. Nan cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI take, wadda asalinta gonar kiwo ce da aka kafa a 1928, kuma daga nan kajin ƙwai na Shika Brown suka samo suna. Hanyoyin da ke shigowa titi daga gonaki na jar ƙasa ne, ƙura da rani, taɓo da damina. Motar da ta kwana biyu tana bin su, da ta hau kwalta direba ya taka totur, sai ki ji ta fara fizga, tana ja tana saki kamar mai shaƙuwa.

Abu uku injin fetur yake nema: mai, iska da wuta. Kamar murhunki ne, itace da fifita da ashana. Duk rikicin da za a yi a gefen titi, neman wanda ya yi ƙaranci ake yi cikin ukun nan. Motar da ke tafiya lafiya a shimfiɗaɗɗen wuri, amma ta shaƙe da an taka ta ko an zo ɗan hawa da lodi, yawanci mai ne ba ya isa. Filtar mai ta cika da datti, ko famfon mai ya gaji, ko wani ɗan tsaki ya toshe kafireta, wato inda mai da iska ke gaurayuwa. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, direbobi da yawa lita biyar-biyar suke sha, tanki kullum a ƙasa, sai famfo ya riƙa zuƙo tsatsa da laka da suka kwanta a gindinsa. Ga man 'yan bumburutu da ya kwana a jarka, wani lokaci har da ruwa a ciki.

A nan ne nake so ki buɗe ido. Akwai dabarar da ake yi idan famfo ya ƙi: a ɗora galan na fetur a kan rufin mota ko a gefen direba, a saka tiyo ya gangara kai tsaye cikin kafireta. Motar za ta tashi, ba musu. Amma fetur ne a buɗe kusa da inji mai zafi da wayoyin wuta. In kin ga an fara wannan, ki ce, "Malam direba, don Allah sauke mu nan," ki kama hannun yaranki ku nemi wata motar. Ko kuɗin ba su dawo ba, ki bar su. Haka ma in warin fetur ya cika gaban mota, ko yara suka fara ciwon kai da gyangyaɗi babu dalili, alama ce fetur yana yoyo ko hayaƙin salansa yana shigowa ciki. A sauke gilashi, a tsaya.

Idan ta lallaɓa ta kai Samaru, an samu sauƙi. Garin jami'a ne tun 1962, ga ɗalibai, ga masu shayi, ga shagunan buga takardu, sannan a bayan layuka ga garejin kanikawa a ƙarƙashin inuwa, ƙasa ta yi baƙi ƙirin da tsohon mai. Ina son kallon tsohon bakanike yana aiki. Ba ya saurin ɗaukar sifana. Sai ya ce a tayar, ya karkata kai yana saurare, sannan ya fara tambaya irin ta likita. Da sanyin safiya take yi ko sai ta yi zafi? A ina aka sha mai na ƙarshe? An bi ta cikin ruwa?

Kowace amsa tana nuna masa hanya. Wadda ta ƙi tashi bayan ruwan sama, sau da yawa laima ce ta shiga murfin distiributa, a goge da busasshen ƙyalle ta tashi. Wadda ke tafiya lafiya sai ta yi zafi ta mutu, in ta huce ta sake tashi, ana zargin kwayil, ko kuma zafi ya mai da fetur tururi a cikin tiyo. Shi ya sa kike ganin direba yana ɗora jiƙaƙƙen tsumma. Wadda ke karkarwa a tsaye tana girgiza sitiyari, ƙila fulogi ɗaya cikin huɗu ne ya daina ba da wuta. Idan kuwa an murɗa makulli aka ji ƙyas-ƙyas kawai, a fara duba kan batir, watakila farin gishirin nan ne ya taru, ko waya ta yi sako-sako.

Ki kuma leƙa bayan motar, hayaƙi ba ya ɓoye sirri. Baƙi yana nufin mai ya fi iska yawa, kuma da hunturu filtar iska da ƙura ta toshe ce kan jawo shi. Kuɗin cefane ne ke fita ta salansa. Mai shuɗi-shuɗi, inji ne ke shan baƙin mai, ringi sun cinye, za ta ci gaba da tafiya amma gyara na tafe. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama shi ne mai ban tsoro, musamman in ruwan lagireto yana raguwa: gasket ya ƙone, ruwa yana shiga inda wuta take.

Abu biyu ne ba a yi musu "bari mu ƙarasa". Jar fitilar baƙin mai ta kama ana cikin tafiya, ko allurar zafi ta haura ja. A kashe nan take, in ba haka ba inji ya buga, gyaran 'yan dubbai ya koma na dubban ɗaruruwa. Kuma in ta tafasa, ki janye yara daga gaban motar, kada kowa ya taɓa murfin lagireto sai ta huce sosai. Ruwan ciki ya fi na tukunyar tuwonki zafi, kuma tsalle yake yi zuwa fuska.

Duk abin da ya gagara a Samaru, Sabon Gari ake nufa. A wuce Palladan inda ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ke shawagi, a bi ta Kwangila, a gangara wajen PZ. Unguwa ce da ta kafu da zuwan jirgin ƙasa a farkon shekarun 1910, har yau kuma za ki ji Hausa da Ibo da Yarabanci a layi ɗaya. A shagunan kayan gyara, kowane abu iri-iri ne: ga sabo mai tsada, ga sabo mai araha da ba ya kai wata uku, ga na hannu da aka kwance daga wata motar. A ganina, na hannu mai kyau ya fi sabon jabu, amma sai da idon wanda ya sani.

In motar ta maigida ce, ko kuɗin adashinki ne aka zuba a ciki, ga inda aljihu ke yoyo: a canza fulogi da kwayil da famfo da kafireta rana ɗaya, mota ta tashi, ba wanda ya san wanne ne ya warkar da ita. Ki ba shi shawara a fara da mai araha, a canza abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu, kuma a dawo masa da tsohon da aka cire. Bakaniken kirki ba ya jin haushin wannan. Wanda ya ce a sauke inji tun bai buɗe filta ba, a gode masa a nemi wani.

Ke kuma mai tsohon ciki da ke zaune nesa da titi, tun a wata na takwas ki sa maigida ya je wurin mai motar da kuke sa rai da ita. A tayar da ita da sassafe a gabansa, ya ga ko sai an tura. Ya duba fitilun gaba, ya tabbatar akwai ruwa a jarka da tayar safaya mai iska, a zuba mata mai daga gidan mai a bar shi a tanki. Sannan a karɓi lambar direba na biyu, a rubuta ta a bayan katin awo.