Waƙar Dabbar Teku da Kunnen Tsofaffi

Ya kai mai karatu, ina yi maka sallama daga Alakos, cikin ƙasar Gure. Tsakaninmu da teku ya fi kilomita 1,000, kuma yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba. Duk da haka labarin teku na kawo maka yau, domin ya shafe mu.

A cikin teku akwai wata ƙatuwar dabba da Faransawa ke kira balen. Kamar kifi take, amma ba kifi ba ce. Tana shaƙar iska, tana haihuwa, tana shayar da ɗanta nono. Wata takan kai mita 18. Abin mamaki, tana yin kuka mai daɗi kamar waƙa, kuma ruwa yana kai muryarta nesa ƙwarai. A 1970 wani masani ɗan Amurka, Roger Payne, ya fitar da faifan waƙar balen, mutane da yawa suka ji ta karon farko.

To, amma akwai waɗanda suka riga shi ji. Can arewacin Amurka, a ƙasar Alaska inda sanyi ke daskarar da teku, akwai mutanen da ake kira Inufiyat. Tun kaka da kakanni farautar balen suke yi. Maharbinsu yakan tsoma itacen tuƙin jirgi a ruwa, ya kara ɗaya bakin a kunne, ya saurara. In sun yi sa'a, sai a raba nama gida gida, a yi biki da ganguna da rawa. A wurin kiɗan nan da hirar manya yaro ke koyon halin dabbar.

A 1977 masana suka ce irin balen ɗin da suke farauta bai wuce 2,000 ba. Hukumar duniya mai kula da farautar balen ta ce su daina. Dattawan Inufiyat suka ce ƙidayar ba ta cika ba. Masana suna tsayawa bakin ƙanƙara, suna lissafa wadda suka gani da ido kawai. Alhali da yawa suna wucewa ta ƙarƙashin ƙanƙara, suna fasa ta da kai su sha iska. Daga baya aka zura na'urorin sauraro cikin ruwa, sai ga muryoyinsu suna wucewa inda ido bai kai ba. Maganar dattawa ta tabbata. Ƙidayar 2011 ta ba da fiye da 16,000.

Yanzu mu dawo gida. Ni malamin yaƙi da jahilci ne, kuma akwai abin da ke damuna. Wani in ya iya haɗa baƙaƙe, sai ya fara raina sanin ubansa. Kada ka zama irinsa. Makiyayi yana gane kukan saniyarsa a tsakiyar garke. Tsohuwa in ta ji zabi sun tada hayaniya, ta san akwai abin da suka gani. Manomi in ya ga shamuwa ta dawo tana gyara sheƙa a cikin gari, ya san damana ta kusa, sai ya fiddo iri. Duk wannan ilimi ne, sai dai ba a rubuce yake ba. Ran da tsohon ya rasu, da shi zai tafi.

Ga abin da nake roƙonka. Ka ɗauki littafinka da fensir, ka je wurin dattijo ɗaya. Ka tambaye shi alamun damana da alamun fari, da abin da kukan kowane tsuntsu ke nunawa. Ka rubuta yadda ya faɗa, da sunansa da ranar. Bana kuma ka rubuta ranar zuwan shamuwa da ranar ruwan shuka. Bayan ƴan shekaru, kai da ƴaƴanku za ku gwada ku gani.

Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.