Buhu Biyu na Gwaggo

A gidanmu da ke Garu ba kalanda ke gaya mana shekara ta juyo ba, lawashin albasa ne. Ranar da Inna ta leƙa garka ta ga ya fara kwanciya, sai ta sa a kira ni a waya a ce in shirya tahowa. Daga ranar ake yanke wa albasa ruwa, a bar ta kamar mako biyu ta ƙeƙashe a cikin ƙasa, sannan a tona. Wanda ya yi gaggawa ya tona ta da ɗanyen wuya, a cikin buhu za ta ruɓe masa.

Ga wanda bai san wurin ba, Garu na cikin ƙaramar hukumar Malanbil, a jihar Alibori, can ƙuryar arewacin Jamhuriyar Benin. Idan ka baro Malanbil ka bi ruwa ƙasa kamar za ka Madekali, za ka same mu. Kogin Kwara, wanda Dandawa ke ce wa Isa, shi ne iyakarmu da Nijar. Garin Dandawa ne, mu Hausawa cin rani da fatauci suka kawo kakanninmu, suka ga fadama suka zauna. Harshe biyu muka tashi da shi, Hausa a cikin gida, Dandanci a waje, Faransanci kuma muka tsinta a lakwal.

Garkar tamu ba wata babba ba ce. Tana bayan gida, inda tudu ya fara gangarawa fadama, an kewaye ta da darnin kara. Akwai rijiya ɗaya, da mangwaro biyu da Baba ya dasa, da zogale jere a jikin darni. Kashi uku cikin huɗu albasa ce, sauran Inna ta raba wa tumatur, tonka, yalo, salati da yakuwa. A watan Oktoba ake zuba iri, a yi dashe a Nuwamba ko Disamba, a tona a Maris ko Afrilu. Tun muna yara kowa da aikinsa. Manya na tono, mata na yanke lawashi su daka shi a dunƙula gabu a shanya, mu yara muna kwasa muna kaiwa inuwa. Kwana uku hannunka na warin albasa ko da sabulu nawa ka wanke.

Idan an gama, kafin a kira dillali, Baba kan zauna a bakin rijiya ya yi rabo. Kwando ɗaya gidan liman, kwano-kwano gidajen maƙwabta, sannan ya zaɓi manya-manya masu jan ɓawo ya cika buhu biyu, ya ɗinke da kansa ya jingine gefe. Waɗannan na Gwaggo ne, ƙanwarsa da ke aure a Gaya. Ita kuma takan hau mota ta tsallako gada ta zo ta kwana biyu, mu fita bakin kogi gaba ɗaya mu wuni, sannan a raka ta da buhunanta. Haka na buɗi ido na gani, ban taɓa tambayar dalili ba.

Baba ya rasu a daminar 2022, Allah Ya jiƙansa. Ni ne ɗan fari, ina koyarwa a wata firamare a Kandi, tafiyar kamar kilomita 100 daga gida. Ƙanena Auta shi ke riƙe da ban ruwa, ni kuma nake aiko da kuɗin taki da na mai. Da yake aljihuna ne ke jin jiki, sai na sayi littafi na fara rubuta duk dalar da ta shiga garka da wadda ta fita. A ganina wannan ne gyaran da boko ya kamata ya kawo wa gidanmu.

Shekarar farko ba ta yi wuya ba. Ta biyun ce ta zo da nata. A ranar 29 ga Mayu 2023 sabuwar gwamnatin Najeriya ta janye tallafin man fetur. Mai karatu zai ce ina ruwan Garu da wannan? Ai injin ban ruwanmu man Najeriya yake sha, irin wanda ake sayarwa a kwalba a bakin titi, kuma cikin 'yan kwanaki kuɗinsa ya yi tashin da ba mu taɓa gani ba. Ba mu gama jin wannan ba, sai ga juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli. Ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya. Manyan motoci suka yi layi har ido ya gaji da gani, kasuwar Malanbil da ake zuwa ci daga ƙasashe uku ta yi sanyi. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, ɓangarenmu ya buɗe, amma Nijar ta bar nata a rufe. Mai son tsallakawa sai dai kwale-kwale.

A cikin wannan hali muka tona albasa a ƙarshen Maris, cikin azumi, cikin zafin da sai bayan sahur da kuma yamma liƙis ake iya sunkuyawa. Buhu 21 muka samu. Na zauna da littafina na haɗa taki, mai, gyaran inji sau biyu, da ladan yaran da suka taya mu dashe. Abin da zai rage bai kai ya ɗinka wa yaran gida kayan salla ya kuma biya bashin mai taki ba. Sai idona ya faɗa kan buhu biyun da Auta ya riga ya jingine gefe, kamar yadda ya ga Baba na yi.

Bayan an sha ruwa na sami Inna a tsakar gida tana juya gabu a kan tabarma. Sunan kakanmu aka sa mini, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, Malam take ce mini tun da na fara koyarwa. Na ce, “Inna, bana ina ganin a haƙura da aiken Gaya. Hanya a rufe take, kuɗin jirgi da na dako sun kusa rabin buhu. In ya so na aika wa Gwaggo da ɗan abin da ya samu ta waya, za ta gane.” Da na ga ba ta tanka ba, sai na ƙara da abin da nake ganin shi ne hujja mai ƙarfi. Na ce ai ko malamai sun faɗa, a mazhabarmu ta Malikiyya babu zakka a kan kayan lambu irin su albasa, abin da ake bayarwa alheri ne, alheri kuwa sai da hali.

Inna ta ci gaba da aikinta har na zaci ba za ta amsa ba. Can ta ce, “Malam, wa ya ce maka zakka ce? Wa kuma ya ce maka alheri ne?”

A daren na ji abin da shekara talatin da bakwai ban sani ba. Garkar ta kakanmu ce. Da ya rasu 'ya'ya biyu kacal ya bari, Baba da Gwaggo, kuma ba a taɓa raba gadon ba. Ko ɗan makarantar allo ya san lissafin: namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Wato sulusin ƙasar nan da nake rubuta wa riba da asara, nata ne. Lokacin da dattawa suka zo za su auna, ita ta hana. Ta ce in aka tsaga garkar, ɓangaren da ba rijiya ya mutu, kuma yayanta ne mai iyali a kai. Ya noma duka, ya riƙa tuna ta da abin miya. Buhu biyun nan ke nan.

Inna ta ce, “Ɗauko littafin naka ka raba 21 gida uku, ka ga wanda ke yi wa wani alheri.”

Ban ɗauko ba. Bakwai ne, kuma ko an cire wahalar noma da kuɗin mai, abin da zai rage ya wuce biyu. Kunya ta rufe ni, irin wadda ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi. Na kwana ina tunanin yadda na shekara biyu ina rubuta kuɗin igiyar guga, amma mai sulusin garkar ba ta da ko layi ɗaya a littafina.

Ana saura kwana huɗu salla ni da Auta muka ɗora buhunan a babur biyu muka nufi Malanbil. Daga bakin ruwa kana hango gadar, shiru, an tare ta da kwantena daga can ɓangaren. A ƙarƙashinta kuwa kogi ya zama titi. Kwale-kwale masu inji na kai da kawowa, da mata masu goyo, da 'yan makaranta, da babura a kwance a kan kaya. Muka biya na kanmu, muka biya na buhu, muka biya 'yan dako a wannan gaɓa da waccan. Tafiyar da a da ba ta kai ka gama cin goro ɗaya ba, ta cinye mana rabin wuni, ga azumi a baki.

Gwaggo na zaune a ƙofar ɗakinta muka yi sallama. Ta dubi buhunan, ta dube ni, ta ce, “Babana, ashe ka zo. Na ce bana in ba a aiko ba, ba zan yi fushi ba, na san abin da ake ciki.” Wannan magana ta fi mini zafi da a ce faɗa ta yi. Na durƙusa na gaishe ta, na kasa haɗa ido da ita.

Ta sa jikarta ta ɗauko wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado. Da ta buɗe, cike yake da baƙin irin albasa, sabo, yana ƙamshi. Ashe duk shekara cikin buhun da ake kai mata takan ware kamar hamsin mafi kyau, ta rataye su a inuwa su wuce damina, ta binne su a ɗan fili bayan ɗakinta idan sanyi ya kama. Albasa ba ta yin iri a shekarar da aka shuka ta, sai an mayar da kan cikin ƙasa ya fitar da fure, ya bushe, a kakkaɓe. Irin kuma ba ya jure ajiya, in ya wuce shekara rabinsa ba ya tsirowa, dole a sabunta shi kowace shekara. Na tuna gwangwanin da nakan ga tana miƙa wa Baba in ta zo, ina yaro na ɗauka tsarabar alewa ce aka hana mu.

Ta ce, “Ka tuna ruwan 2010?” Wa zai manta? Shekarar da kogi ya haura ya shiga gidaje a Malanbil da Karimama, mu ma ɗakin Baba ya zauna, da irin da ya ajiye a ciki. “To wannan gwangwanin ne ya tashi garkarku a shekarar. Irin Babanmu ne, ba na kasuwa ba. Shi ya sa albasarku ke kai wa damina ba ta ruɓe ba.”

Na yi ƙarfin hali na ce, “Gwaggo, Inna ta gaya mini zancen garka. Ina ganin ya kamata a kira malamai a fitar miki da haƙƙinki.” Ta yi dariya har tana tari. “Ka tsaga mini ƙasa in ɗauko ta a ka in kawo Gaya? Bar ta yadda take.” Sai kuma ta yi shiru, ta ce, “Amma tunda kai mai rubutu ne, rubuta. Ni da ubanka ba mu buƙaci takarda ba. 'Ya'yana da naku ban sani ba.”

Da muka miƙe za mu tafi, ta ce mu jira ta ɗauko mayafinta. Auta ya ce, “Gwaggo, jirgi fa za a shiga.” Ta ce kafin a haife shi take shiga jirgi. Haka muka tsallako da ita, tana riƙe da gwangwaninta a cinya, bakinta na motsi da addu'a har muka taka ƙasa.

Ranar Laraba 10 ga Afrilu aka yi salla, washegari muka fita bakin kogi. A wannan lokaci na shekara ruwa ya ja baya, ya bar yashi fari shimfiɗe. Muka yi zango a ƙarƙashin wata bishiya, aka baza tabarmi. Inna ta yo dambu da zogale, matata ta haɗa kwaɗon salati da tumatur da sabuwar albasa, Auta ya sayo kifi wurin masunta aka gasa a nan. Yara suka yi ta gudu a ruwan da bai wuce gwiwa ba, ana yi musu tsawa kada su matsa ciki. Gwaggo da Inna suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna lissafin waɗanda aka zo da su nan a da, yanzu ba su. Da aka zo kan Baba duk suka yi shiru.

'Yata ta fari, mai shekara tara, ta nuna tsallake ta ce, “Gwaggo, can ne ƙasarku?” Gwaggo ta ce, “Can ne ɗakina. Gidanmu kuwa ga shi nan bayanki.”

Bayan la'asar na ciro littafin daga jaka. A gaban Inna da Auta da wani dattijo maƙwabcinmu da ya san kakanmu, na buɗe shafin farko na rubuta da Hausa da Faransanci cewa sulusin garkar bayan gida na Gwaggo ne da magadanta, noma kawai muke yi da yardarta. Ta dangwala yatsa, shaidu suka sa hannu. Daga baya na kai wa liman da mai gari suka gani.

Bashin mai taki sai da na biya shi daga albashina wata uku a jere, kuma yara biyu da kayan bara suka yi salla. Ba zan ce ban ji a jikina ba. Har yanzu kuma ban san yadda za ta kaya ba ranar da babu Gwaggo, in 'ya'yanta suka ce a auna musu nasu. In sun faɗa, gaskiyarsu ce, za mu zauna mu san yadda za a yi da rijiya.

A watan Oktoba Auta ya zuba irin gwangwanin, ya kira ni ya ce ya tsiro kamar gashin kai. Da aka yi rabo na gaba, buhu uku na ɗinke na jingine gefe. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya bar mu da zumunci.